Yadda Za Ka Zaɓi Kyamarar DSLR Ta Farko Idan Kuɗinka Kaɗan Ne

Kuskuren da na fi gani wurin mai sayen kyamarar farko shi ne ya kwashe duk abin da ya tara ya zuba a kan jikin kyamarar, ya koma gida aljihu wayam, sannan bayan wata biyu ya fara cewa hotunansa ba su wuce na waya ba. Ba laifin kyamarar ba ne. DSLR abu biyu ce a haɗe: akwai jiki, akwai gilashin da ake ɗaura masa a gaba a kuma cire. Jikin zai tsufa ka sauya shi, gilashi mai kyau kuwa zai bi ka daga wannan jiki zuwa wancan har shekara ashirin. Duk abin da zan faɗa nan gaba a kan wannan ya ginu.

Mataki na farko: tabbatar DSLR ɗin kake so

A cikin DSLR akwai madubi a karkace. Haske ya shigo ta gilashi, madubin ya tura shi sama zuwa tagar da kake sa ido, ka ga abin da za ka ɗauka kai tsaye. Kana danna maɓalli madubin ya ɗaga, labule ya buɗe, haske ya faɗa kan sensa, wato farantin da ke mayar da haske hoto. Ƙarar nan ta “ƙwas” da kake ji, madubi da labule ne.

Dole in faɗa maka gaskiya tun yanzu. A 2018 Canon da Nikon suka fito da sabbin jerin kyamarori marasa madubi, Canon da RF, Nikon da Z, kuma tun bayan 2020 babu wanda ya ƙara fitar da sabuwar DSLR a cikinsu. Wani zai ji haka ya ja da baya. Ni kuwa a wurina wannan ne ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya samu shiga, domin masu hali suna komawa marasa madubi, suna sakin jikkuna da gilasai masu lafiya a kasuwar kayan hannu. Kyamarar da ta ɗauki hoto mai kyau a 2016 ba ta manta aikinta ba. Ga kuma batir: Nikon D3500 takan ɗauki hoto wajen 1,550 da caji ɗaya a gwajin masana’anta, abin da ƙananan marasa madubi ba sa kusanta.

Amma idan bidiyo ne babban burinka, ko kana son abin da zai shiga aljihun riga, tsaya ka sake tunani kafin ka ci gaba.

Mataki na biyu: rubuta abin da za ka riƙa ɗauka

Ɗauki takarda ka rubuta abu uku da ka san za ka fi ɗauka, ba waɗanda kake mafarki ba. Fuskokin mutane? Yara suna guje-guje? Kayan da kake sayarwa? Gine-gine da shimfiɗar ƙasa? Tsuntsaye? Taro a cikin ɗaki da dare? Wannan takardar ce za ta gaya maka gilashin da kake bukata, gilashin kuma ya gaya maka nawa ya rage na jiki. Mai hoton fuska da mai hoton tsuntsu za su iya riƙe jiki iri ɗaya, amma gilashinsu ba ya haɗuwa ko kaɗan.

Mataki na uku: raba kuɗin kafin ka ga kyamara ko ɗaya

Shawarata ita ce kada jiki da gilashin da ya zo da shi su ci fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ka ware. Sauran kashi ɗayan na gilashi na biyu ne, da katin memori, da batir na biyu, da jaka. Yi wannan rabon a gida, kai kaɗai, domin da zarar ka riƙe kyamarar da ta fi ƙarfinka a hannu, zuciya za ta fara kawo maka dalilai.

Ka kula da kayan da ake haɗawa a babban kwali a ce an yi maka kyauta: ƙafa uku mai lanƙwasa da iska, gilasan ɗaurawa a baki masu dusashe hoto, katin da ba a san masana’antarsa ba. Yawancinsu tarkace ne da aka cusa kuɗinsu cikin farashin. Araha ba ta ado.

Mataki na huɗu: zaɓi gidan da za ka shiga

Gilashin Canon ba ya hawa jikin Nikon, na Nikon ma ba ya hawa na Canon kai tsaye, kowanne da irin bakinsa, wato wurin da gilashi ke haɗuwa da jiki. Don haka zaɓen kamfani kamar zaɓen gida ne. Wajen ingancin hoto, a wannan matakin, kada ka wahalar da kanka da gardamar wane ya fi wane. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wanne ne na kusa da kai suke riƙe da shi? Idan abokinka ko malaminka yana da gilasan Canon, ka sami wurin aro da wurin tambaya. Wanne ne kuma ka fi samun gilasansa na hannu da mai gyaransa a inda kake?

Canon ta fito da bakin EF a 1987, ta ƙara EF-S a 2003 domin kyamarori masu ƙaramin sensa. Duk ƙananan DSLR ɗinta suna karɓar EF da EF-S, kuma suna saita hoto da kansu da kowannensu. Babu wani ruɗani a nan. Ruɗanin yana wajen suna. Kyamara ɗaya tana da suna daban-daban: 2000D ita ce Rebel T7 a Amurka, ita ce Kiss X90 a Japan, 250D kuma ita ce Rebel SL3. Girman lamba ma ba ya nuna girman daraja, 4000D tana ƙasa da 2000D, 2000D kuma tana ƙasa da 250D.

Nikon tana kan bakin F tun 1959, amma a nan akwai tarko biyu da suka cinye kuɗin mutane da yawa. Na farko, jerin D3000 da D5000, irin su D3500 da D5600, ba su da injin juya gilashi a jikinsu. Tsohon gilashi mai alamar AF ko AF-D zai hau, amma da hannu za ka riƙa murɗa shi har hoto ya fito. Wanda zai saita kansa sai mai alamar AF-S ko AF-P. Na biyu, gilashin AF-P ba ya aiki da tsofaffin jikkuna irin D3100 da D3200 da D5100. Ka rubuta waɗannan haruffan a takardarka, domin mai sayarwa ba lallai ya sani ba.

Akwai kuma Pentax, wadda ba a cika ambata ba. K-70 ta 2016 tana da kariya daga ƙura da yayyafi, tana kuma rage rawar hannu daga cikin jikinta, ko da wane gilashi ka ɗaura. Ina ganin ƙimarta ƙwarai. Matsalarta kawai gilasanta na hannu ba su kai na sauran biyun yawa ba.

Mataki na biyar: san lambobin da za ka yi watsi da su

Megafiksel, wato yawan ɗigon da ke cikin hoto a lissafin miliyan, shi ne abin da ake fara rubutawa a kwali, shi ne kuma abin da ya kamata ka duba a ƙarshe. Hoton megafiksel 18 zai cika takarda kusan girman A3 tangaran. Na megafiksel 24 yana da ɗigo 6,000 a faɗi, 4,000 a tsaye, ya kai wajen santimita 50 a faɗi idan an wanke shi da inganci. Yaushe rabon da ka wanke hoto mai wannan girman? Haka ma lambar ISO mafi girma da ake tallatawa, wato ma’aunin da ake ɗagawa don hoto ya yi haske idan haske ya yi ƙaranci. Hoton da aka ɗauka a can ƙololuwa yakan fito yashi-yashi, ba wanda zai so shi.

Sensa kuwa kusan girma ɗaya ne a duk ƙananan DSLR, ana kiransa APS-C: na Nikon wajen milimita 23.5 da 15.6, na Canon 22.3 da 14.9. Ya ninka na yawancin wayoyi sau da yawa, shi ya sa yake tara haske sosai. Abin da za ka riƙe game da shi shi ne yana matso da hoto: lambar milimita da ke jikin gilashi, wadda girmanta ke nuna yawan matsowarsa, ka ninka ta da 1.5 a Nikon, ko 1.6 a Canon, ka san yadda za ta gani. Gilashin milimita 50 a Canon yana gani kamar na 80 a kyamara mai babban sensa.

Ga abubuwan da suke da tasiri a hannunka kullum. Allon baya, yana juyawa ko a manne yake? Idan za ka ɗauki yara daga ƙasa, ko ka ɗauki kanka, mai juyawa ya cancanci ƙarin kuɗi. Yana kan Nikon D5300 da D5600, da Canon 600D da 700D da 250D. Ɗigon saita hoto, wato wuraren da kyamara ke iya kamawa a cikin taga don su fito tangaran, nawa ne? Canon 2000D tana da 9, Nikon D3500 tana da 11, D5600 tana da 39, Canon 800D tana da 45. Ga abin da yake tsaye, tara ma sun isa. Ga abin da yake gudu, yawa yana taimakawa. Akwai kafar makirfo? D3300 ta 2014 tana da ita, amma D3400 da D3500 da suka biyo bayanta ba su da ita, haka ma 2000D. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa sabo ba kullum ya fi tsoho ba. Idan kuma za ka haɗa da bidiyo, nemi Canon mai fasahar Dual Pixel, irin 200D da 250D da 800D, domin suna bin fuska a hankali ba tare da gilashi ya riƙa kai da komo ba.

4000D kuwa ba na ba kowa shawarar ta sai in babu yadda za a yi. Bakinta na roba ne, allonta ƙarami ne, ba ta da ɗan maɓallin daidaita taga da ƙarfin idonka. An kuma cire mata ɗigon ƙarfen tsakiya a wurin ɗora fitila, kamar yadda aka cire wa 250D, saboda haka wasu fitilun wasu kamfanoni ba sa tashi a kansu. Da kuɗinta gara ka nemi 700D ko 750D ta hannu mai lafiya.

In ka yarda da kayan hannu, akwai wata hanya: tsohuwar kyamarar matsakaicin aji, kamar Nikon D7100 ko Canon 70D, duk na 2013. Sun fi nauyi, amma suna da tayoyin saiti biyu, tagarsu ta fi haske, jikinsu ya fi ƙwari. D7100 ma tana da injin nan na juya gilashi, wanda ke buɗe maka ƙofar tsofaffin gilasai masu sauƙin kuɗi.

Mataki na shida: gilashi, inda hoton yake

Kusan kowace ƙaramar DSLR tana zuwa da gilashin 18-55, wato mai jawo hoto daga milimita 18 zuwa 55. Kada ka raina shi. Da shi za ka gane ko kai mai son faɗi ne ko mai son matsowa, kuma da rana yana fitar da hoto mai kyau. Abu ɗaya za ka duba: ya kasance yana da alamar IS idan na Canon ne, ko VR idan na Nikon ne. Wannan ne ke rage rawar hannu, kuma akan haɗa mafi arhar kwalaye da wanda ba shi da shi.

Rauninsa yana wajen ƙofar haske. Lambar f da ke jikin gilashi tana nuna faɗin ƙofar, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. 18-55 yana buɗewa zuwa f/3.5 a gefen faɗi, amma in ka jawo hoto zuwa 55 sai ya tsuke zuwa f/5.6. Shi ya sa da rana ta faɗi, ko ka shiga ɗaki, hotuna ke fara fitowa dishi-dishi.

A nan kashi ɗayan nan da ka ajiye zai yi aikinsa. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Ninki goma. Babu wani ƙarin kuɗi da za ka sa a jikin kyamara da zai ba ka wannan. Shi ne kuma yake narkar da bayan mutum ya bar fuskarsa ta fito ita kaɗai, abin nan da ke sa a kalli hoto a ce wannan ba na waya ba ne. A Canon nemi EF 50mm f/1.8 STM. A Nikon nemi AF-S DX 35mm f/1.8G, ko AF-S 50mm f/1.8G, ka lura da G ɗin nan, domin mai D a ƙarshe shi ne wanda ba zai saita kansa a ƙananan jikkuna ba. Suna cikin mafi sauƙin kuɗi a gilasan kamfanonin biyu.

Tsakanin 35 da 50, koma ga takardarka. Hamsin ya fi kyau da fuska da kafaɗa, amma a ƙaramin ɗaki za ka ja da baya har ka jingina da bango ba ka gama shigar da mutane uku ba. Talatin da biyar ya fi dacewa da yawo da kuma cikin gida. Ga dabarar da ba ta cin ko sisi: tsayar da 18-55 ɗinka a kan 35 ka yi kwana uku ba ka motsa shi ba, sannan ka yi haka a kan 50. Wanda ya fi kwanta maka, shi za ka saya.

Gilasan 35 da 50 ɗin nan ba sa jawo hoto. Ƙafarka ce za ta matsa gaba ko baya, kuma ni ina ganin wannan alheri ne ga mai koyo, domin yana tilasta masa ya tsaya ya duba kafin ya danna.

Mai son tsuntsaye ko wasanni shi kuma dogon gilashi yake bukata. A Canon EF-S 55-250 IS STM ya fi EF 75-300 da ake yawan haɗawa a kwali, wanda ba shi da maganin rawar hannu. A Nikon akwai 55-200 VR, da AF-P 70-300 VR idan jikinka yana karɓarsa.

Mataki na bakwai: duba ta hannu kamar mai neman laifi

Kada ka yi cinikin biri a sama. Je da katin memorinka, da ƙaramar tocila, in da hali da kwamfuta. Ka kuma ba kanka aƙalla minti ashirin. Mai sayarwar da ke gaggauta ka ya riga ya gaya maka wani abu.

Fara da waje. Gogewar fenti ba komai ba ce, amma tsagewa a kusurwa ko lotsewa a bakin gilashi alamar faɗuwa ce. Buɗe ɗakin batir da na kati ka duba tsatsa ko farin gari, alamar ruwa ya taɓa shiga. Kan ƙusoshin da ya ci yana nuna an taɓa buɗe ta.

Sai lissafin labule. Labulen ƙananan DSLR an ƙera shi ne ya yi wajen buɗewa 100,000. Wani ya wuce haka, wani bai kai ba. Nikon tana ajiye wannan adadin a cikin bayanan kowane hoto, sai ka ɗauki ɗaya ka karanta da manhajar duba bayanan hoto. A Canon yawanci sai an jona kyamarar da kwamfuta. Wadda ta yi 15,000 tana da sauran rai sosai. Wadda ta haura 80,000 sai dai in farashin ya nuna hakan.

Yanzu sensa. Juya tayar sama zuwa A a Nikon ko Av a Canon, inda kai ne ke zaɓen faɗin ƙofar haske, tsuke ƙofa zuwa f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama. Faɗaɗa hoton ka bi shi kusurwa-kusurwa. Ƴan ɗigon ƙura abu ne da aka saba, ana gogewa. Dogon layi kuwa yana iya zama karce, shi ba ya goguwa. Daga nan rufe gilashin da murfinsa, ka ɗauki hoton daƙiƙa biyar ko goma; ɗigo mai launi ɗaya ko biyu a cikin baƙin ba abin damuwa ba ne, amma layi daga sama har ƙasa dalilin fasa ciniki ne.

Cire gilashin ka haska tocila ta bayansa kana kallo ta gaba. Ƙura kaɗan kowane gilashi yana da ita. Abin tsoro shi ne zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, wato fumfuna, ko hazo da ya lulluɓe ciki. Na taɓa sayen dogon gilashi da yamma, a gurguje, ban haska shi ba saboda na ji kunyar mai shi. Bayan mako guda na lura duk hoton da ya fuskanci haske yana fitowa kamar an shafa masa mai. Da na haska, fumfuna ta cinye gefe guda, kuɗin wanke shi kuma ya kusa kai kuɗin sayensa. Har yau abin yana mini ciwo, domin na daɗe ina tara kuɗin nan.

Mayar da gilashin ka gwada saita hoto a kan abu na kusa, sannan na nesa, sau da yawa, kana saurare. Kada a ji gurnani ko tsayawa. Ɗauki rubutu da ƙofa a buɗe gaba ɗaya, ka duba ko harafin da ka nufa shi ne ya fito, ba na gabansa ko na bayansa ba. Danna kowane maɓalli, murɗa kowace taya, ɗaga fitilar kai, ɗauki bidiyo na minti ɗaya ka saurari sautinsa. Riƙe maɓallin ɗauka ta yi ta harbawa a jere, ka ji ko ƙarar tana tafiya daidai.

Tabbatar akwai caja ta asali, domin waɗannan ƙananan DSLR ba a caja su ta kebul irin na waya, sai an cire batir an sa a cajarsa. Duba lambar shaida da ke ƙasan kyamarar. Idan an kankare ta, ajiye ka tafi. Nemi rasit mai ɗauke da lambar, da sharaɗin mayarwa a rubuce, ko na kwana uku ne.

Mataki na takwas: riƙe ta, sannan ka biya

Sa ta a ido, ka ga ko yatsunka sun sami wurin zama, ko ƙaramin yatsa yana lilo a ƙasa. Canon 250D nauyinta bai kai rabin kilo ba, abin daɗi ga mai ƙaramin hannu, abin takura ga mai babba. Idan kana sa tabarau, duba ko kana ganin kusurwoyi huɗu na tagar. Kyamarar da ba ta yi maka daɗin riƙewa ba a jaka za ta zauna.

Daga ragowar kuɗin, sayi katin memori biyu matsakaita maimakon babba ɗaya, don in ɗaya ya lalace kada komai ya tafi tare. Hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, na megafiksel 24 yakan ci wajen megabayit 25, saboda haka katin gigabayit 32 zai ɗauki sama da dubu. Mai alamar U1 ya isa hoto da bidiyo na yau da kullum. In za ka ɗauki bidiyon 4K nemi U3 ko V30. Ƙara ɗan famfon roba na hura ƙura da ƙyallen goge gilashi. A cikin jakar kuma jefa ƙullin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa sauya su. Kada ka kulle gilashi a wuri mai duhu da laima na tsawon watanni, ka riƙa fito da shi yana shan iska da haske.

A makon farko, sa katin a kyamarar ka share shi daga cikinta, ba daga kwamfuta ba. Juya tayar daga kore, inda kyamara ke zaɓen komai da kanta, zuwa A ko Av, ɗaura gilashin f/1.8, buɗe shi zuwa f/2, ka zaunar da wani kusa da taga da safe, hasken yana zuwa masa ta gefe. Saita ɗigon a kan idon da ya fi kusa da kai, ka ɗauka. Sannan tsuke zuwa f/8 ka sake ɗauka daga wuri ɗaya, ka jera hotunan biyu a babban allo ka kalli abin da ya faru da bangon da ke bayansa.